Zaman baƙunta a Malanbil

Daga Lolo, a Ƙaramar Hukumar Bagudo, zuwa Malanbil ba wata doguwar tafiya ba ce, amma da ka tsallaka iyaka ka zama baƙo. Kogin Neja ɗaya ne, Dendanci ɗaya, kiran sallar asuba ma irin wanda ka saba ji a gida. Ƙananan abubuwa ne ke tuna maka cewa ƙasar Benin kake: takardar asibiti da Faransanci, ɗan sanda mai tambayar katin shaida, sefa a aljihu maimakon naira.

Na fi jin baƙuntata a teburin mai shayi. Yakan ce, "Malam, dala ashirin ne," ni kuwa sai na tsaya na juya lissafin a zuci kafin na miƙa masa sefa ɗari. Ranar kasuwa kuma, ana sauke buhunan albasa, 'yan Gaya sun tsallako, Hausa na tashi ta ko'ina, sai in manta da komai.

Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, har zuwa Disamban 2020, gida ya yi mana nisa ƙwarai. Maƙwabta ne suka riƙe mu, da ƙwaryar tuwo da gaisuwar safe. Tun daga nan nake ganin ɗan Adam yana iya samun gida biyu, muddin ya riƙe amanar kowanne, ya kuma girmama masu masaukinsa.