Rigar Nutso A Ruwan Silfra

'Yan'uwa mata, yau mu leƙa ƙasar Aislan, can arewacin Turai. A Thingvellir akwai wani tsagin dutse cike da ruwa, ana ce da shi Silfra. Narkakkiyar ƙanƙara ce, garai-garai, amma duk shekara ɗuminsa bai wuce digiri 2 zuwa 4 ba. Don haka ba a barin kowa nutso sai da rigar da ke hana ruwa taɓa jiki.

To, ku lura: siririyar rigar ba ta ɗumama mutum, kayan ciki ke riƙe ɗumi. Mai hankali takan zaɓi wadda ta kama wuya da wuyan hannu sosai, mai sarari a ciki. Ruwa mai sanyi ta ƙara kaya, mai ɗumi ta rage. Amma ban da auduga, gama in ta sha gumi sanyi ta ke jawowa.

Sai mako mai zuwa.