A Fadamar Haɗejiya, Sai An Hau Jigawa Ake Samun Sabis

Wanda ya taso daga Kano ya bi ta Gujungu zuwa Haɗejiya, wayarsa ba za ta ba shi wahala ba. Duk 'yan kilomitoci zai hango ƙarfen sabis a gefen titi, mai fenti ja da fari. Labari yana canzawa ne idan ya bar kwalta ya gangara cikin fadama, yankin nan da kogin Haɗejiya da na Jama'are ke malala kafin ruwansu ya nufi Tafkin Chadi. Ƙasa ce mai albarka: shinkafa, kifi, tattasai da albasa, ga tsuntsaye da ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a dajin Baturiya. Abu ɗaya ne ke yi wa wurin wuya, shi ne sabis.

Na je wani ƙauye a wannan yanki lokacin hutun zango, na raka abokin karatuna gida. Daga inda mota ta ajiye mu muka hau acaɓa, muka ƙarasa a kwalekwale ta tsakanin kacalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa. A bayan gari akwai wata jigawa, wato tudun yashi irin wanda jihar ta samo sunanta daga gare shi. Bayan la'asar za ka ga mutane a kanta, kowa ya ɗaga waya sama. Mai kifi yana tambayar farashi a kasuwa, tsohuwa ta ba jikanta lamba a takarda ya kira mata ɗanta da ke Legas, mai POS kuma yana ta ba mutane haƙuri. Wani dattijo ya ce min, "Ɗan nan, mu a nan idan haihuwa ta zo da gardama cikin dare, sai an fara aiken yaro kan tudu kafin a nemo mota."

To, me ya sa kamfanoni ba su kafa ƙarfe a irin wannan wuri ba? Lissafi ne, ƙannena. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, 'yan kasuwa ne ke kafa turakun nan. Kowane turke yana cin kuɗin gini, da mai gadi, da man janareto dare da rana, tunda babu wutar lantarki. A birni dubban mutane ke amfani da turke ɗaya, suna sayen kati da data kullum. A ƙauye mutanen kaɗan ne, kuma kiran minti biyu ake yi a kashe. Idan ɗan kasuwa ya buga lissafi ya ga faɗuwa, ba zai zo ba.

Gwamnati ta san da wannan. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi wani asusu da ake kira USPF a ƙarƙashin hukumar NCC. Ana zuba masa wani kaso na kuɗin da kamfanonin waya ke biyan hukumar duk shekara, shi kuma ya tallafa a kafa turaku a wuraren da riba ba za ta kai kamfani ba. Ka ga ke nan katin da mutumin birni ya saya yana taimakon na ƙauye. A 2013 an ƙirga yankuna 207 da ke fama da rashin sabis a faɗin ƙasar nan, zuwa 2022 hukumar ta ce sun ragu zuwa 97. An samu ci gaba, amma kowane ɗaya daga cikin waɗanda suka rage ƙauyuka ne masu yawa.

Akwai kuma wata matsala da ba a gani da ido, domin a ƙarƙashin ƙasa take. Intanet mai sauri yana bin wayar faiba ne, wadda ake haƙa rami a binne a gefen hanya, kuma jihohi suna karɓar kuɗi a kan kowace mita. A 2013 aka amince kada kuɗin ya wuce naira 145 a mita ɗaya, amma wasu jihohi suka ci gaba da karɓar dubbai. A 2020 Kaduna ta yafe shi gaba ɗaya. A ganina nan ne gwamnoni suka fi da hannu: abin da jiha za ta samu a harajin rami bai kai asarar da take yi idan wayar ta tsaya a babban birni ba.

Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi burin intanet mai sauri ya isa inda kashi 90 cikin ɗari na jama'a ke zaune. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da shirin kafa turaku 7,000 a karkara. Sai dai ko turken ya zo, da sauran aiki. Yawancin wayoyin da na gani a kan jigawar nan ƙanana ne masu tocila, ba sa buɗe intanet. Caji ma biya ake yi a shagon wani mai sola. Ga shi a farkon 2025 aka amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Shi ya sa na fi jin daɗin dabarar kai kwamfuta da intanet makarantun gwamnati, inda layi ɗaya zai wadaci ɗaruruwan yara, in dai an haɗa da sola da malamin da ya iya koyarwa.

Ku da ke aji shida kun fi kowa sanin inda abin ke ciwo. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma kafin rajista sai ka tura lambarka ta NIN ta saƙon waya, ka jira amsa. Ƙanwar abokina ta hau tudun nan sau uku kafin saƙonta ya fita. Ita ce ta ɗaya a ajinsu, amma ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, kuma ɗaki ɗaya za ta zauna da 'yar Kano da ta yi wata shida tana gwaji a wayar yayanta. Mahaifinta ya ce da zarar an yi girbin shinkafa zai kai ta Haɗejiya ta zauna wurin gwaggonta mako biyu, ta koyi danna madannai kafin ranar jarrabawa.