Darasi a Gaɓar Binuwai

Duk wanda ya san Garwa ya san ta da abu biyu, zafi da kogi. Zafin ba ya bukatar a nuna wa yaro, shi da kansa yake zuwa har cikin aji. Kogin kuwa, ko da yake ga shi nan a gefen gari, sai ka tarar da yaro ɗan shekara takwas, haifaffen Garwa, wanda bai taɓa tsayawa a gaɓar Binuwai ba, iyakarsa ya hange shi ta tagar mota in an hau gada za a tafi Ngaundere. Ka tambaye shi sunan raƙumin dawa da Faransanci, nan take zai faɗa maka, har ya rubuta a allo ba kuskure. Ka nuna masa itacen da ke tsakar makaranta, wanda yake cin ƙosai a inuwarsa kullum, sai ya ce, "Malam, itace ne." Ba ƙarya ya yi ba, amma fa ba amsa ba ce.

Wannan ne ya sa mu malaman aji uku da aji huɗu na makarantarmu muke fita da yara sau uku a shekara. Ba nisa muke yi ba. Wuri ɗaya muke komawa, wani fili a gaɓar kogi inda akwai gawo babba, da tsamiya biyu, da kuka guda, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a ƙasa ba. Mukan tashi da ƙarfe shida da rabi, kowane yaro da gorar ruwa da fensir da littafin rubutu, malami a gaba, malami a baya, iyaye mata biyu ko uku a tsakiya. Kafin ƙarfe goma mun dawo. Doka ɗaya ce ba ma sassautawa: ba mai sa ƙafa a ruwa. Akwai dorina a Binuwai har kusa da gari, akwai kuma tsargiya, wadda ita ba a ganinta sai yaro ya fara fitsarin jini.

Fitar farko a watan Oktoba take, makonni kaɗan bayan an koma makaranta. A lokacin kogi bai gama janyewa ba, ruwan ja ne, ciyawa ta fi yaran tsayi. Nan mukan kafa turke a bakin ruwa, mu sa yara su auna da taku daga turken zuwa gindin gawo, su rubuta. Mukan kuma nuna musu wajen tsohuwar tashar jiragen ruwa, mu gaya musu cewa a da, idan kogi ya cika a watannin Agusta da Satumba, jirage kan taso daga Nijeriya har Garwa, su sauke kaya su ɗauki auduga da gyaɗa. Yawancinsu ba sa yarda. Sai wanda kakansa ya taɓa yin dako a wurin ya dawo washegari ya ce ashe gaskiya ne.

Fita ta biyu ita ce uwar tafiyar, ƙarshen Janairu, kafin hidimar bikin matasa na 11 ga Fabrairu ta cinye mana lokaci. Hunturu ya busa, leɓuna sun tsage, kogin da ya tsorata su a Oktoba ya zama rairayi fari fat, ruwa na bin gefe ɗaya kamar mai jin kunya. Yara su nemi turkensu, su sake aunawa. A nan lissafi ke shiga da kansa, domin yaron da ragewa ta gagare shi a allo, sai ga shi yana gardama da abokinsa a kan taku nawa kogi ya gudu. Rairayin nan kuma allo ne da aka yi rubutu a kansa cikin dare. Ga sawun dorina mai yatsu huɗu, faɗinsa ya kusa faranti, ga inda ta fito kiwo ga inda ta koma. Ga jan wutsiyar guza, ga sawun zalɓe, ga na belbela ƙanana rututu inda shanu suka sha ruwa. Wani dattijo masunci da ke gyaran koma a wurin yakan zo ya taya mu karatu, kuma a wannan darasi shi ne malami, mu da takardunmu na kwalejin horon malamai muna cikin ɗalibai. Yaran suna ce masa Baba, shi kuma yana ce musu "jikokina". Shi ya nuna musu yadda ake gane ko dorina da ɗanta take tafe, ya ce in an ga ƙaramin sawu a gefen babba, to a yi nesa da wurin.

A wannan fitar ne muke tsayawa kan sunaye. Ajinmu haɗin gambiza ne: Hausawa, Fulani, Fali, Gidar, Mundang, Tupuri, da 'ya'yan ma'aikata daga kudu. Kowane itace muka je, sai kowa ya faɗi sunansa da harshen gidansu, sannan a rubuta na Faransanci. Tsamiya, Fulani su ce jaɓɓi. Kuka, su ce ɓokki. Gawo, caski. Wanda bai sani ba, aikin gidansa ke nan, ya tambayi kakarsa. Mun lura cewa yaran da ba sa buɗe baki a aji, musamman waɗanda suka zo daga ƙauye suna zaune wajen dangi, su ne zakaru a nan. Yarinyar da kullum take ta ƙarshe a shifta ita ce ta san kaucin da ke kan reshe, ta san ganyen da akuya ba ta ci. Ranar ce kaɗai a shekara da 'yan birni ke bin ta a baya.

Daga nan mukan leƙa gonakin masakwa, dawar rani da Fulani ke kira muskuwaari, wadda ake dasawa a laka bayan ruwa ya janye, ta nuna ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Manoma sukan gaya wa yara cewa tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, kogi ya daina malala fadamu kamar da, filin masakwa ya ragu. Wutar lantarkin da suke karatu da ita daga can take zuwa. Ba ma yanke musu hukunci, mukan bar su da abin biyu su yi ta juyawa.

Fita ta uku a watan Mayu ce, bayan ruwan farko. Maris da Afrilu ba a fita da yaro a Garwa, ma'aunin zafi na wuce 40. A Mayu shamuwa ta dawo daga kudancin Afirka ta hau sheƙa, ƙasa ta fara kore, gawo kuwa da ya yi lif da ganye duk rani ya fara kaɗe shi. Kullum sai an sami mai cewa itacen ya kamu da ciwo.

Wasu iyaye kan tambaye mu, in dai dabbobi ake so yara su gani, me ya sa ba za a kai su gandun daji ba? Tambaya ce mai kyau, domin jiharmu ta Arewa ke da gandun Binuwai, da na Buba Njida wajen Rai Buba, da na Faro, ga kuma Waza can gaba da Marwa. Gandun Binuwai kaɗai hekta 180,000 ne, an mai da shi gandun ƙasa a 1968, kuma akwai ɓauna da mariya da kanki da gwaggon biri. Sai dai tafiya ce mai nisa kan hanyar Ngaundere, ga hayar mota, ga kuɗin shiga, ga abinci. In aka yanka wa iyaye kuɗi, yara goma za su je, sittin su zauna, kuma mun san su wane ne goman. Waza kuwa, tun da aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a yankin a Fabrairun 2013, ba shugaban makarantar da zai sa hannu a kai yara can cikin sauƙi. Ban da haka, yaron da aka zuba a mota ya hangi ɓauna na minti biyu ya sha kallo ne kawai. A ganinmu wanda ya koma gindin itace ɗaya sau uku ya fi shi ƙaruwa. 'Yan aji shida mukan kai su gidan zu na cikin gari, wannan ya wadatar wajen kallo.

Ba wai gandun bai dame mu ba. A dazukan nan namu ne baƙar karkanda ta yammacin Afirka ta yi zamanta na ƙarshe a duniya. Masu bincike sun zaga a 2006 ba su ga ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare. A farkon 2012 mafarauta a kan dawakai suka shigo Buba Njida suka kashe ɗaruruwan giwaye saboda haure. Mun tambayi aji ko wa ya san karkanda, yaro ɗaya ne ya ɗaga hannu, shi ma ya ce wata irin mota ce. Alhali kuwa a garin nan Makarantar Namun Daji take, wadda aka buɗe a 1970, tana horar da masu kula da gandun daji daga ƙasashen Afirka da dama, tana kuma da ɗakin ajiyar busassun ganyaye masu sunaye. Mutum ya taso daga Senegal ko Kongo ya zo Garwa koyon daji, ɗan Garwa na wucewa ta ƙofar bai san me ake yi a ciki ba. Ma'aikatan da za su tsare Faro da Buba Njida nan da shekara ashirin, yanzu suna aji uku.

Abin da ke ba mu haushi shi ne kalandar makaranta. Ana ba da dogon hutu a Yuni, a dawo a Satumba, wato damina sukutum, lokacin da daji ya fi magana, ba ma tare da yara. Dabarar da muka yi ita ce aikin hutu guda ɗaya tak: kowa ya sami gawo kusa da inda zai yi hutu, ya duba shi a tsakiyar Agusta, ya zana, ya tambayi manomi me ya sa ba ya sare shi daga gona. A Satumban da ya wuce littattafai suka dawo, wasu sun jiƙe, wasu gara ta taɓa. Yawanci an zana itace tsirara a tsakiyar gero kore. Wani ya rubuta cewa kawunsa ya ce ganyen da ya zuba taki ne, kuma tun da ba inuwa da damina hatsi na samun rana. Wata ta ce 'ya'yansa tumaki ke ci da rani. Ɗaya kuma ya kawo shafi fari, ya ce a ƙauyensu ya zaga bai sami gawo ba, an ce masa na ƙarshen an yi gawayi da shi kafin a haife shi. Mun ba shi maki cikakke.