Rumbun Bayan Majami'a

Majami'ar ƙauyenmu a ƙasar Roni ginin ƙasa ce mai rufin kwano, ƙararrawarta kuwa wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a jikin darbejiya. Kakana Bamaguje ne. Ya karɓi bishara a hannun mutanen mishan na SIM da suka zauna a Roni, tun kafin ikilisiyoyinsu su haɗu su zama ECWA a 1954. Da Hausa muke addu'a, da Hausa muke waƙa, tuwon gero da miyar kuka muka tashi muna ci, kamar kowa a ƙasar Kazaure.

Amma Kiristocin cikin garin Kazaure ba su san da zamanmu ba. Yawancinsu Ibo ne da Yarbawa, 'yan kasuwa da ma'aikata, wasu Katolika, wasu Angilikan, wasu Baftis. In suka ga Bahaushe da hula da taguwa, sun gama yanke hukunci a kansa. Mu ma ba mu kyauta musu ba, baƙi muke ce musu, muna ganin addininsu na Turanci ne da kuɗi. An kafa ƙungiyar Kiristoci ta CAN tun 1976, sai dai labarinta a bakin fasto kawai muke ji.

Farin 1983 ne ya tona asirin kowa. Gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Shekara ta kewayo, a watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta rufe iyakoki ta kuma canza kuɗi, hatsi ya yi tashin gwauron zabi. Duk da haka mutanen Nijar ba su fasa gangarowa ta wajen Babura ba, mata da goyo, tsofaffi da sanda. A lokacin duk muna cikin jihar Kano, sai a 1991 aka yanke Jigawa. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, kuma ban manta da ɗacin tafasa da rama ba ƙuli ba, ko yadda Inna ke cewa ta riga ta ci, alhali ba ta sa komai a bakinta ba.

Ran nan ta kai tunkiyarta ta ƙarshe kasuwar Kazaure, ina biye da ita. Ta tsaya gaban wata 'yar Ibo mai sayar da garin kwaki, tana ƙirga kuɗin hannunta, tana rera wata waƙar Zumuntar Mata ƙasa-ƙasa, yadda ta saba in ranta ya ɓaci. Matar ta saki kwanon awo.

"Mama, a ina kika koyi wannan waƙa?"

"A majami'armu mana, 'yar nan."

Matar ta daɗe tana kallonta. Daga baya muka ji cewa tana yarinya iyayenta suka gudu daga Kano a rikicin 1966, ba su dawo ba sai bayan yaƙin basasa, kuma ba duka suka dawo ba. Tun daga nan Bahaushe a wurinta abokin ciniki ne kawai. Ta ƙara wa Inna kwano biyu, ta tambayi sunan ƙauyenmu.

Bayan mako biyu sai ga a-kori-kura a ƙofar majami'a. Matan Katolika ne da na Angilikan da na Baftis suka haɗa baiko, suka sayo masara da garin kwaki. Dattawanmu suka yi ta jayayya a gindin darbejiya, wasu na cewa karɓar kayan Katolika zubar da mutunci ne. Baba ne ya kashe maganar, ya ce yunwa ba ta tambayi ɗarikar kowa ba kafin ta shigo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rabon. Mai bisharar ƙauyen ya ce da gida-gida za a raba, ba da littafin sunayen ikilisiya ba. Aka kira mai unguwa ya zauna, aka auna wa Musulmi da Maguzawa da baƙin Nijar da kwano ɗaya da namu. Ai maƙwabtan nan ne suka ranta mana iri da damina ta faɗi.

Da kaka ta yi kyau, aka gina rumbu a bayan majami'a. Kowane gida ya zuba dami ɗaya ranar godiyar kaka, wanda ya rasa a tsakiyar damina ya ranta, ya mayar bayan girbi ba ƙari. Dami biyar na farko cikin gari aka kai wa matan nan. Da mahaifina ya rasu, su ne suka zauna a tabarma ɗaya da Inna har kwana uku.

Bara na je gida na tarar rumbun ya rushe, ga tsadar hatsi da taki ta sa gidaje da yawa a Roni da Gwiwa cin abinci sau ɗaya a rana. Shugabannin CAN na Jigawa, tarukan da kuke yi a Dutse suna da amfani, amma ku shigo ƙauyukan nan kafin ruwa ya sauka, ku zo da buhu da kwanon awo.