Cinikin Katin 'Yan Wasa da Abin da Ya Koya Mini

A Amurka ɗan kwali mai hoton ɗan wasa yana iya fin gida tsada. A watan Agustan 2022 an yi gwanjon katin ɗan wasan baseball Mickey Mantle, bugun kamfanin Topps na 1952, a kan dala miliyan 12.6. Irin wannan labari ne ke jawo irinmu kasuwar, masu ƙaramin jari da dogon buri. Ga abin da cinikin ya koya mini.

1. Kuɗin da aka yanka daban, wanda aka biya daban. Kowa na iya sa wa katinsa dala dubu a shafin ciniki na eBay, ya shekara ba mai tayawa. Da irin wannan farashi na riƙa auna kayana, har na fara jin kaina attajiri. Wani dillali a wurin baje koli ne ya zaro waya ya nuna mini waɗanda aka riga aka sayar a makonnin baya. Kuɗin ko rabin lissafina bai kai ba. Yanzu ni ma da wannan jerin nake buɗe ciniki, musu ya ragu.

2. Ido kafin baki. Kamfanonin tantancewa irin su PSA suna ba kati maki daga 1 zuwa 10, bayan sun duba kusurwoyi, gefuna, fuskar katin, da ko hoton ya zauna a tsakiya. Tsakanin 9 da 10 kuɗi na iya ninkawa. Shi ya sa duk mai katin da ba a tantance ba, zai rantse maka 10 zai samu. In ya yarda da hakan, me ya hana shi aikawa da kansa? Ni a matsayin mai 8 nake tayawa, in cire kuɗin tantancewa da na aike. In ya ce albarka, in yi gaba.

3. Tsufa ba ya sa tsada. Katin Honus Wagner da aka riƙa sawa cikin kwalin sigari tsakanin 1909 da 1911 ya kai miliyoyi ne saboda ƙalilan suka rage. Na ƙarshen shekarun 1980 kuwa an buga su rututu. Wani akwatin kuɗin dakonsa ya fi shi daraja.

4. Dillali ma yana da iyali. Na daɗe ina jin haushin mai shago in ya taya ƙasa da farashin kasuwa, sai da na sayar da kaina. eBay na cire fiye da kashi 10 cikin ɗari, ga kuɗin aike, ga mai saye da kan dawo da kaya. Kati kuma na iya faɗuwa yana hannunka: waɗanda suka sara lokacin korona, da farashi ya yi tashin gwauron zabi a 2020 da 2021, da yawansu har yau ba su mayar da uwar kuɗi ba. Don haka in mutum ya zo da kuɗi hannu, ya nemi rangwamen da bai wuce waccan la'adar ba, nakan sallama.