Ni da Gwaggo, daga Kano zuwa Jidda

Shekarar da Allah Ya kira Gwaggo aikin Hajji, ni 'yan'uwa suka wakilta in zama muharraminta. Da hantsi muka hau jirgi a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, mazan cikinmu duk a harami, tunda Jidda za mu sauka mu zarce Makka. Na bar mata kujerar bakin taga.

Da jirgi ya daidaita a sama, matuƙi ya sanar cewa tafiyar ta kai kimanin kilomita 3,400, kuma za mu ci ta cikin awa huɗu da rabi, in sha Allahu. Na fassara mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, anya ka ji da kyau? Ai ko Maiduguri ba a isa a haka in a mota ne."

Ba ta taɓa abincin da aka kawo ba, idonta na ƙasa. Da na ce mata mun wuce Chadi mun shiga Sudan, sai ta fara lissafo garuruwa kamar ta taka su da ƙafarta: Fallomi, Fashir, Sawakin. A bakin kakarta ta ji su. Ƙanen kakar tata ya bi wannan hanya da jaki, yana yada zango yana ƙwadago a gonakin auduga don tara kuɗin jirgin ruwa, kuma bai dawo ba. Irinsu suna da yawa. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu ma mutanenmu ne suka kafa shi, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

"To yanzu a kansu muke wucewa ke nan?"

"A kansu, Gwaggo."

Ta ɗaga hannu ta yi musu addu'a. Ni kam a wannan lokacin na ji kunyar ƙorafin da nake ta yi tun tashinmu wai kujera ta matse mini gwiwa.

Bahar Maliya ba ta ɗauke mu wani lokaci ba. Talbiya ta cika jirgi, kafin ka ce kwabo ga rumfunan saukar alhazai farare fat a gabanmu. Agogon Gwaggo na nuna biyu da rabi, na bango kuwa huɗu da rabi, don Saudiyya ta riga mu da awa biyu. Ta rantse ba ta yarda azahar ta wuce ta ba, sai da wani malami a ayarinmu ya ce ta haɗa da la'asar ta yi ƙasaru.

Waɗanda suka tafi bayanmu ba su sami wannan miƙaƙƙiyar hanya ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jiragen alhazanmu suka koma kewaye, awannin tafiya suka ƙaru, kuɗin jigila ma ya ƙaru.