Layi Ne Ya Yanke, Ba Ni Na Gudu Ba

Duk wanda ya tashi a Gwandu ya san babu abin kunya ga ɗan dara kamar ya ga za a cinye shi, ya shure gurabun da ƙafa, ya ce ana kiransa a gida. Ni da wana mun koyi dara a gindin wata darbejiya, gurabu 30, kowa da 'ya'ya 12. Sau ɗaya tak na taɓa shure masa wasa muna yara, amma bai manta ba.

A shekara ta 2002 yana karatu a Ingila, ni kuwa ina koyarwa a Kalgo. Wayar salula ta shigo Nijeriya tun 2001, amma kuɗin layinta ya fi ƙarfin albashina, wasiƙa kuma sai ta yi makonni a hanya. Saboda haka muka shirya kowace Asabar mu haɗu a zauren wasanni na Yahoo, mu buga darar Turawa, muna taɗi a ɗan filin rubutu da ke gefen allon. Sai in shiga mota daga Kalgo zuwa Birnin Kebbi, shagon wani abokina mai kwamfuta da wayar tarho.

Ɗalibin yau bai san wannan zamani ba, bari in yi masa bayani. Akwai wani ɗan akwati, modem, wanda ke mayar da saƙon kwamfuta ya zama ƙara, ya buga lamba kamar yadda mutum ke bugawa, ya yi ta ƙugi da shewa har na can ƙetaren ya amsa. An rubuta kilobit 56 a daƙiƙa a jikin kwalinsa, amma namu bai taɓa kaiwa nan ba. To, tun da yake da ƙara ake zancen, kowace hayaniya ta shiga waya sai ta rikita su, in ta yi yawa su ajiye.

Asabar uku a jere layi yana yankewa. Biyu na farko ya zo daidai da an kusa cinye ni. Na uku kuwa ya fi muni, domin Yaya ya rubuto ke nan yana tambayar kuɗin da ya aiko a gyara rufin ɗakin Inna, sai ɗif! Kafin mu sake samun layi ya tashi. Saƙon da ya bar mini gajere ne: "Ashe har yanzu kana nan da halinka na gindin darbejiya?" Asabar ta gaba bai zo ba.

Wallahi maganar nan ta hana ni barci. Na ga rantsuwa ba za ta wanke ni ba, sai in na gano ainihin ciwon. Muka dukufa ni da mai shago.

Da farko muka lura akwai wani kan tarho a ƙuryar ɗaki a kan layi ɗaya, yaron shago yakan ɗaga shi ya ji ko ana magana. Ɗagawar nan kaɗai ta isa. Muka zare shi. Sa'an nan muka duba cikin kwamfuta, sai ga shi abokina da kansa ya umurce ta da ta kashe layi in an yi 'yan mintoci ba a taɓa komai ba, don gudun kuɗin tarho. Ni kuwa ba na dogon tunani sai in wasa ya juya mini baya. Ka ji dalilin da ya sa yankewar ke zuwa daidai da shan kashina! Muka soke umurnin.

Duk da haka, ranar da aka kwana ana ruwa sai ciwon ya dawo. Muka ɗauko wani dattijo, tsohon ma'aikacin waya. Ya ɗaga kan tarho, ya danna lamba ɗaya don amon layi ya yi shiru, ya kara mini a kunne. Na ji cuwa-cuwa kamar ana suyar ƙosai. Na ce, "Baba, mi ya kawo wannan?" Ya ce, "Ɗana, bi waya ka sha labari." Muka bi ta har bayan shago, muka tarar da wani ƙulli an naɗe shi da leda, ruwa ya kwanta ciki, tagullar ta yi kore shar. Ya yanke, ya kankare, ya haɗa, ya rufe da salatif. Layi ya yi tsit.

Na rubuta wa Yaya duk wannan dalla-dalla, na haɗa da lissafin kwano da ƙusa da ladan kafinta. Asabar ta zagayo, sai ga sunansa a zauren. Ya cinye ni sau uku ba tare da layi ya ko motsa ba, kuma ban taɓa jin daɗin shan kashi irin na ran nan ba.

Yau Kalgo ta zama mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, kowane ɗalibi da intanet a aljihu, ba mai jiran ƙugin modem. Amma har gobe magana na yankewa tsakanin 'yan'uwa, zato kuma yakan riga bincike isa. In haka ta same ka, ɗan'uwa, ka tuna da maganar dattijon nan, ka bi waya tukuna. Allah Ya kiyashe mu da mummunan zato, amin.